Kafin a goge takobin kaka: Abin da dillalai ke dubawa, daga Magariya har Japan

Duk wanda ya leƙa shafukan gwanjon kayan tarihi na Turai da Amurka a intanet zai ci karo da takubban ƙasar Hausa. Akan ɗora hoton takobi da kubensa na jar fata, a faɗi tsawonsa, a ce na Abzinawa ne ko na Hausawa daga ƙarni na 19, sannan a sa masa farashi da yuro ko dala. Galibi babu sunan garin da ya fito, babu sunan wanda ya rataya shi, balle yaƙin da ya gani.

A irin waɗannan shafuka, in aka gangara ɓangaren takubban sojan Japan na Yaƙin Duniya na Biyu, sai a tarar da bayani har ya yi yawa. Ga sunan maƙeri, ga shekara da watan da aka ƙera, ga tambarin masana'anta, wani lokaci har da muƙamin hafsan da ya riƙe shi. Mai saye yana biyan kuɗin wannan bayani ne kamar yadda yake biyan kuɗin ƙarfen.

Takobin Hausa ma yana ɗauke da shaidarsa a jikinsa. Matsalar ita ce dillali ya iya karanta ta, mai takobin kuwa sau da yawa bai iya ba.

Ƙasar dawaki da takobi

Gundumomin Magariya da Dungas, a kudancin jihar Damagaram, suna manne da iyakar jihohin Katsina da Jigawa. Sarautar Magariya reshe ce ta gidan Daura, cikin 'ya'yan sarautar da jihadin farkon ƙarni na 19 ya raba da birninsu, kamar yadda Zango da Baure suke. Dungas da Washa kuwa suna cikin tsofaffin ƙasashen Sosebaki. Dukkansu sun shiga inuwar Damagaram, wadda ƙarfinta ya kai gaya a zamanin Sarki Tanimu, mai ƙera igwa, wanda ya rasu a 1884. Yanki ne da ya sha ganin mahaya, tsakanin rundunar Damagaram da ta Kano, har zuwa ƙarshen watan Yulin 1899 da sojojin Faransa suka ci mayaƙan Sarki Ahmadu Kuran Daga a Tirmini.

Daga nan takobi ya daina aikin yaƙi. Ya koma kayan ado na hawan Sallah da naɗin sarauta, ko ya koma bayan ƙyaure da ƙarƙashin gado. A nan ne jikoki ke gadonsa, kuma da yawa daga cikin jikokin nan yanzu suna Kano, Legas, Agadas ko Aljeriya wajen neman na kai. Wayar hannu ta sauƙaƙa cinikin. Hoto ɗaya ta WhatsApp ya isa wanda ya san harkar ya gane abin da ke gabansa, kafin mai shi ya gama tambayar nawa za a ba shi.

Ruwan takobi daga Jamus, ƙota daga Kano

Abin da ke ba matasa da yawa mamaki shi ne, ruwan tsofaffin takubba masu yawa ba a nan aka ƙera shi ba. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ya zauna a Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kimanin 50,000 cikin birnin a shekara, akasari daga Solingen ta Jamus. Raƙuma ke ɗauko su ta hamada daga gaɓar tekun Arewacin Afirka. A Kano maƙera ke sa musu ƙota, dukawa su ɗinka kube da hamila, sannan fatake su bazu da su. Damagaram tana kan wannan hanya, Barth kansa ya yi zango a cikinta a ƙarshen 1852.

Wannan bai rage wa takobin asali ba. Siffarsa ta nan ce: miƙaƙƙe, mai kaifi biyu, mai faffaɗan mariƙi a gicciye da aka lulluɓe da fata ko tagulla, tsininsa kuma sau da yawa a ɗan zagaye. Ba a ganin irin wannan haɗi a Turai.

Masu tara takubba suna fara duba kwarmin da ya bi tsawon ƙarfen, ko guda ɗaya mai faɗi ko sirara guda uku. Na masana'antar Turai yakan tafi sumul, zurfinsa daidai daga farko har ƙarshe. Wanda aka kankare da hannu yakan ɗan yi karkace. Sai tambari. Mafi shahara shi ne jinjirin wata guda biyu masu fuskar mutum, wanda masu harkar ke kira dukari. Akwai kuma kerkeci a guje, alamar da ta faro daga maƙeran Passau, Solingen ta ɗauka daga baya, da zaki, da gicciye a kan ƙwallo.

Sai dai tambari kaɗai ba hujja ba ne. Masanin nan Ba'amurke Lloyd Cabot Briggs ya yi nazari a 1965 kan ƙarafan Turai da ke jikin takubban Abzinawa, kuma tun daga lokacin sananne ne ga masu harkar cewa maƙeran Sahel sun riƙa buga irin waɗannan alamu a kan nasu aikin. Ba lallai don ha'inci ba. Jinjirin watan ya riga ya zama abin da mai saye ke nema a jikin takobin kirki, kamar yadda ake neman wani zane a jikin hula. Tambarin masana'anta yakan fito tsaf, da bugu ɗaya. Na kwaikwayo yakan zo da fuska a dagule, wani lokaci watan biyu ma ba su yi kama da juna ba.

Takobin da maƙerin gida ya yi da tamar da aka narka a nan yana da tasa daraja, wani lokaci ma ya fi na Solingen wuyar samu. Wanda ba shi da daraja a kasuwar kayan tarihi shi ne na baya-bayan nan, da aka yanka daga falankin ƙarfe ko sifirin mota don 'yan yawon buɗe ido da mahaya Sallah. Shi ma ba laifi ba ne a mallake shi, muddin ba a sayar wa wani shi da sunan na zamanin Tanimu ba.

Wani abin lura: ƙota da kube ba su cika zama sa'o'in ruwan takobi ba. Fata tana ruɓewa, gara tana ci, don haka kowane zamani ana sake wa takobi riga. Ana iya samun ƙarfe mai shekara 200 cikin kuben da bai wuce shekara 40 ba. Alminiyam ko roba a jikin ƙota suna nuna sabon aiki ne a ƙotar, ba su ce komai game da ƙarfen ba. Ƙarfen da ya sirance wajen tsini saboda yawan wasawa, shi ne ya daɗe a hannun mutane.

Ta ina takobin Japan zai zo ƙasar Hausa?

Tambayar ba ta wasa ba ce, domin Hausawa sun gwabza da sojan Japan ido da ido. A 1943 Ingila ta kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, ta tura su Indiya, daga can suka shiga dazuzzukan Burma. Ana ƙiyasta cewa 'yan Afirka ta Yamma kimanin 90,000 ne suka je wannan fage, fiye da rabinsu daga Najeriya, kuma Hausa ce harshen bariki a bataliyoyin Najeriya. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944. Bataliyoyi uku na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, sun shiga cikin dakarun Chindit da aka sauke a bayan layin Japanawa. A Janairun 1945 sojojin Afirka ta Yamma suka kama Myohaung. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya kai musu ziyara har Burma bayan hawansa gadon sarauta a 1944.

Sunayen nan suna nan har yau a ƙofar barikoki: Chindit a Zariya, Dalet a Kaduna, Myohaung da Dodan a Legas.

Magariya a lokacin tana hannun Faransa, wadda mulkinta a Afirka ta Yamma ya bi gwamnatin Vichy har Nuwamban 1942. Amma iyakar ba ta taɓa raba dangi ba, kuma tun kafin yaƙin rundunar Ingila takan ɗauki mazan da suka tsallako daga ɓangaren Faransa suna gudun aikin tilas. Tsakanin Magariya da Babban Mutum, ko Dungas da Maigatari, tafiyar ƙafa ce.

Da Japan ta miƙa wuya a 1945, babban kwamandan ƙawance a kudu maso gabashin Asiya, Lord Mountbatten, ya nace sai hafsoshin Japan sun miƙa takubbansu a bainar jama'a. Janar William Slim, wanda ya jagoranci yaƙin Burma, ya karɓi na Janar Kimura ya kai gidansa. Akasarin takubban da aka karɓa haka sun bi hafsoshi da sojojin Ingila, Amurka da Ostireliya zuwa ƙasashensu, shi ya sa kasuwarsu take can. Saboda haka takobin Japan na gaske a gidan tsohon sojan Burma abu ne mai yiwuwa, amma mai wuyar gani. Wanda ake tallatawa a Facebook da sunan "katana na yaƙin duniya" a farashin wayar hannu kuwa, kusan kullum na kwaikwayo ne.

Yadda masu harkar ke karanta na Japan

Takubban sojan Japan na wancan zamani, waɗanda ake kira gunto, suna da aji-aji. Na hafsoshin ƙasa samfurin 1934 da na 1938 suna da ƙotar itace da aka lulluɓe da fatar wani kifi mai ƙurji-ƙurji, aka naɗe da zare a gicciye. Kuben yawanci na ƙarfe ne mai fentin ƙasa-ƙasa, kayan adon kuma na ɗauke da furen sakura. Samfurin 1934 yana da zoben rataya biyu, na 1938 guda ɗaya. Na sojan ruwa, samfurin 1937, kubensa baƙi ne mai zobe biyu. Tuntun da ke rataye a ƙota yana faɗin muƙami: ruwan ƙasa da shuɗi na ƙananan hafsoshi ne, ruwan ƙasa da ja na manya.

Na saje-saje, samfurin 1935, gwamnati ce ke rabawa, kuma aikin inji ne. Ƙotarsa zubi ce, da farko ta jan ƙarfe, daga baya ta alminiyam da aka yi wa fenti ta yi kama da naɗin zare. A nan alminiyam alamar gaskiya ce, saɓanin takobin Hausa. Akwai lamba a jikin ƙarfen da wata a jikin kube, kuma darajarsa takan ƙaru idan lambobin biyu sun zo ɗaya.

Hafsoshi su ke sayen nasu da kuɗinsu, kuma a nan labarin ya yi kama da na gida. Wasu sun sayi ƙarfen masana'anta, wasu sun ba maƙerin gargajiya aiki, wasu kuwa sun ɗauko takobin kakanni mai ɗaruruwan shekaru suka sa masa kayan soja. Daga waje duka ukun kamarsu ɗaya. Ba a bambancewa sai an zare ɗan tsinken gora da ke riƙe da ƙota, a fito da wutsiyar ƙarfen da ke ɓoye a ciki.

A wannan wutsiya maƙeri ke sassaƙa sunansa, sau da yawa da kwanan wata a ɗaya gefen. Shekarar ana ƙirga ta ne da mulkin Sarki Hirohito, zamanin Showa, wanda ya fara a 1926. In aka ƙara 1925 a kan lambar sai a sami shekarar, wato Showa 18 ita ce 1943. Ƙaramin tambarin Showa cikin fure, ko na garin Seki, yawanci yana nuna ba a bi hanyar gargajiya gaba ɗaya wajen ƙerawa ba. Tambarin tauraro kuwa na maƙeran da rundunar ƙasa ta amince da su ne. Maƙerar da aka kafa a harabar wurin ibada na Yasukuni a Tokyo ta fitar da takubba kusan 8,100 tsakanin 1933 da 1945, kuma suna cikin waɗanda aka fi nema. Har kamfanin jirgin ƙasa na Kudancin Manchuriya ya ƙera nasa, da ake kira Mantetsu.

Na jabu, waɗanda akasarinsu daga Sin suke fitowa, suna tona kansu ta hanyoyi da aka sani. Akan ga zane mai kama da igiyar ruwa ya mamaye ƙarfen duka, wanda da asid aka yi shi. Akan ga rubutun Sinanci da ba ya ba da ma'ana a kan ruwan takobin, ko lamba a kan ƙwanƙwasar tagullar da ke gindinsa, wurin da masana'antun soja ba su saba sa ta ba. Naɗin zaren ƙota yakan yi sako-sako, tsatsar kuma ja ce mai haske da ke bin yatsa, irin wadda ake samu cikin mako guda da ruwan gishiri.

Tsatsa ma shaida ce

Babbar ɓarnar da ake yi wa tsohon takobi, na Japan ne ko na Damagaram, mai ƙaunarsa ne ke yin ta. Sallah ta matso, yaro ya ɗauko samfefa ko ya kai wa mai injin wasa ƙarfe, takobi ya fito yana walƙiya. A cikin rabin sa'a jinjirin watan da ya rage ɗan alama ya tafi, gefen kwarmi ya baje, baƙin da shekaru suka shimfiɗa wa ƙarfen ya bi iska. Abin da ya rage ba ya bambanta da na kasuwa, kuma dillali zai yi masa kuɗin na kasuwa.

A wurin Japanawa, goge wutsiyar ƙarfe kusan laifi ne, domin da launin tsatsarta da sawun zarto ake gane zamanin takobi. Ruwan takobin kansa ba ya zuwa hannun kowa sai gwanin wasawa, wanda kan shafe kimanin shekara 10 yana koyo, kuma aikin takobi guda kan ɗauke shi makonni.

Abin da takobin gida ke buƙata kaɗan ne. A shafe shi da tsumma mai laushi da ɗigon man keken ɗinki. Man gyaɗa da manja suna yin danƙo, ba su dace ba. Jar tsatsa mai ci ita ake tsayarwa da mai, baƙar kuwa a bar ta. A guji riƙe ƙarfen da hannu mai gumi. Da damina a riƙa zare shi daga kube lokaci-lokaci, domin fata tana riƙe laima. Kada a lanƙwasa shi don gwada ko zai dawo, ko da an ji cewa haka ake gane ƙarfen Turai. Kada kuma a jefar da tsohon kube don an ɗinka sabo.

Sai abin da ya fi mai muhimmanci, kuma ba ya cin ko dala. A ɗauki hoton takobin dukansa da awo a gefensa, a ɗauki tamburan a kusa, sannan a kunna wayar a gaban dattijo ko dattijuwar da ta fi kowa shekaru a gidan. Na wane ne? Wace sarauta ya riƙe? A ina ya samo shi, gado ne ko kyautar sarki ko ganima? In na tsohon soja ne, takardar sallama, lambar yabo da hoto su zauna wuri ɗaya da shi. Gajere na Katsina, da ake dangantawa da Muhammadu Korau, da takobin da ke fadar Daura da ake dangantawa da Bayajidda, an san su ne domin an riƙe labarinsu tare da ƙarfensu. Lokacin da A. D. H. Bivar ya wallafa littafinsa kan makaman Arewacin Najeriya a 1964, irin waɗannan na fada ya samu ya rubuta. Na gidajen barade da fatake, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba, babu wanda ya bi su gida-gida.

Japan ta bi nata bayan ta yi asara. Sojojin mamaya sun tattara takubba masu ɗimbin yawa bayan 1945, an narka wasu, an zuba wasu a teku. Shahararren Honjo Masamune, na gidan Tokugawa, an miƙa shi ga ofishin 'yan sanda na Mejiro a Disamban 1945, har yau ba a sake ganinsa ba. A 1948 aka kafa ƙungiyar kare takubban fasaha ta ƙasar, kuma yanzu duk takobin da ke hannun mutum a Japan sai da katin rajista daga hukumar ilimi ta lardinsa.

Gado, doka da kwastan

Mai niyyar sayarwa yana da tambaya biyu a gabansa kafin farashi. Ta farko ta cikin gida ce. Takobin mamaci yana cikin gado, kuma ɗa ɗaya ba shi da ikon sayar da shi don kawai a ɗakinsa yake. In kuwa kayan sarauta ne, na kujerar ne, ba na wanda ke kanta ba.

Ta biyu ta hukuma ce. A Nijar, doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yunin 1997 ce ke kare kayan tarihin ƙasa, kuma fitar da su waje sai da izini. A Najeriya dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ɗauki kayan fasahar gargajiya da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta hana fitar da su ba tare da takardar hukumar ba, ta kuma taƙaita cinikinsu ga wakilan da ta amince da su. Ƙasashen biyu sun shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 tun 1972. Ma'ana, tsallaka da tsohon takobi daga Magariya zuwa Kano ma fitarwa ce a idon doka, ko da gidan kawu za a kai shi.

Mazauna ƙetare da ke son rataya takobin gidansu a falo suna da ƙarin shinge. Ingila, alal misali, ta haramta shigo da lanƙwasassun takubba masu tsawon santimita 50 zuwa sama tun 2008, in ban da tsofaffi da waɗanda aka ƙera ta hanyar gargajiya. Na jabun Sin da aka saya da sunan na yaƙi shi ne ainihin wanda dokar ke nufi. Mai neman a duba masa takobi kafin ya yanke shawara yana iya fara wa da gidan tarihi na Damagaram, ko na Boubou Hama a Yamai, ko Gidan Makama a Kano.

Wanda ya riga ya fita, dawowarsa ba ta da sauƙi. A Nuwamban 2019 Firaministan Faransa Édouard Philippe ya miƙa wa Shugaba Macky Sall na Senegal takobin da ake dangantawa da Alhaji Umaru Futi, malamin nan da ya zauna a Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Sojojin Kanar Archinard ne suka tafi da shi a 1893, wato shekara 126 kafin wannan miƙawa, kuma sai da majalisar dokokin ƙasar ta yi doka ta musamman a Disamban 2020 kafin mallakarsa ta koma Senegal. Ruwansa ƙirar Klingenthal ce ta Faransa, ƙota da kube aikin Afirka ta Yamma. Yana ajiye a gidan tarihi a Dakar, kuma har yanzu masana tarihi na muhawara kan ko na Alhaji Umaru ne ko na ɗansa Ahmadu.